Shirya gida kafin ɗaukar hotonsa don sayarwa: Abin lura daga Gagarawa Tasha

A garuruwan masarautar Gumel, cinikin gida bai saba farawa da hoto ba. Mai son sayarwa yakan sanar da dillali, dillali ya raɗa wa wanda ya ga yana da hali, a je a ga gida da ido, a yi ciniki gaban shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Har yau a nan cinikin yake ƙarewa, amma mafarinsa ya sauya. Sau da yawa mai saye ba ya garin: ma'aikaci ne a Dutse da ke tanadin inda zai zauna bayan ritaya, ko ɗan kasuwa a Kano da ke neman wurin ajiye riɗi da zoɓo kusa da kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis da ta Gujungu ta ranar Lahadi. Abin da yake fara gani shi ne 'yan hotunan da dillali ya turo masa ta WhatsApp ko ya ɗora a Facebook, kuma a kansu yake yanke shawarar ko gidan ya cancanci ya biya kuɗin mota ya zo.

Gagarawa Tasha na ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Gagarawa a arewacin Jihar Jigawa. Ta samo sunanta daga tashar jirgin ƙasa da ke kan layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, kuma sunan ne ya bambanta ta da Gagarawa Gari. A yankin, kamar sauran ƙasar Gumel da Maigatari da Sule Tankarkar, gini iri uku ake sayarwa: gidan ƙasa mai soro da azara, gidan bulo mai rufin kwano, da kuma wanda ya haɗa biyun, inda aka gina sabon ɗaki na siminti a jikin tsohuwar katanga. Kowanne da abin da mai saye ke son gani a jikinsa, kuma shirya gida don hoto shi ne a fito da wannan abin fili.

Gyara da ɓoyewa

A Amurka, tun shekarun 1970 shirya gidan sayarwa ya zama sana'a mai zaman kanta. Akan kwashe kayan masu gida, a yi hayar kujeru da labulaye da fitilu, a jera su don mai saye ya hango kansa zaune a ciki. Wannan ba shi da kasuwa a Gagarawa Tasha. Wanda zai sayi gida a nan bai damu da launin kujera ba. Tambayoyinsa sanannu ne: rufin yana yoyo? Ina ruwan sama yake bi ya fita? Ina iyakar gidan da na maƙwabci? Akwai ruwa? Mota tana isa ƙofa? Hoton da bai amsa ko ɗaya daga cikinsu ba ado ne kawai.

Akwai kuma dalili na shari'a. Mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan wannan ƙasa suke hukunci da ita tun kafin zuwan Turawa, ta halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye bisa siffantawa, da sharaɗin cewa idan aka zo aka tarar da shi saɓanin yadda aka siffanta, mai saye yana da zaɓin fasawa. Haka nan ta ba shi damar mayar da abin da ya saya, ko a rage masa kuɗi, idan wani aibi da aka ɓoye ya bayyana bayan ciniki. Hoto siffantawa ne, kuma ya fi ta baki daɗewa, domin yana zaune a wayar mai saye da ranar da aka turo shi. Wanda ya jingina tabarma a kan tsagar bango kafin a ɗauki hoto ya ba abokin cinikinsa hujja da hannunsa.

Saboda haka layin da ya raba halas da ha'inci a fili yake. Share gida, da wanke shi, da toshe tsaga da siminti ko yaɓe bayan an magance abin da ya jawo ta, duk gyara ne. Shafa fenti a kan jirwayen silin alhali kwanon da ke sama yana nan da hudarsa, ɓoyewa ne. Fenti ma yana da nasa tarko: bango ɗaya da ya sha sabon fenti a cikin gidan da sauransa ya koɗe yakan sa gogaggen mai saye ya nufi wannan bangon kai tsaye ya ƙwanƙwasa. Idan kuɗi bai kai a fente gida duka ba, gara a wanke bangon a bar shi da launinsa. A gidan ƙasa, farar ƙasa ta wadatar, kuma ba ta da tsada.

Daga ƙofar gida

Hoton farko shi ne na fuskar gida, kuma shi ne yake bayyana ƙarami a allon waya kafin a buɗe sauran. A share ƙofar gida har zuwa bakin hanya, a tsince ledojin da iska ta maƙala a gindin katanga, a kawar da tarin yashi ko bulon da ya rage daga wani tsohon aiki, domin yana sa a ɗauka ginin bai ƙaru ba. A cire fastocin 'yan siyasa da suka shekara a jikin bango, a goge rubutun gawayi na yara. Babur da amalanke da tumakin da ke kwance a inuwar dakali a matsar da su na rabin sa'a. Idan akwai shago a jikin gidan, a ɗauke shi a buɗe kuma a ɗauke shi a rufe: mai saye yana son ganin zurfinsa, yana kuma son ganin ƙarfin ƙyaurensa.

A gidan ƙasa, wurare biyu ne suke faɗin gaskiyar gini: gindin katanga da bakin indararo. Ruwan da ke zubowa daga indararo yana fantsama ya ci gindin bango, shekara bayan shekara, har ya rarake shi. Bayan ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a Jihar Jigawa, ba a buƙatar a koya wa kowa duba wannan wuri. Gidan da aka ɗaure gindinsa da yaɓe ko siminti, aka sa masa indararo mai tsawon da zai jefa ruwa nesa da bango, ya kamata a ɗauki wannan a hoto na kusa, domin kuɗi ne aka kashe kuma ba ya fitowa a hoton nesa. A gidan bulo, abin dubawa shi ne farin gishirin da ke fitowa a ƙasan bango da filastar da ke ɓarewa, alamar damshi na hawowa daga ƙasa, sai kuma bakin kwano, inda iskar farkon damina take fara ɗagawa.

Bishiyar darbejiya, wadda a wannan yanki aka fi kira maina, tana ƙara wa hoto kyau, kuma inuwarta daraja ce a ƙasar da zafin bazara ke wuce digiri 40. Amma idan ta matsi katanga, saiwarta na iya tsaga ta. A ɗauki hoton yadda tazarar da ke tsakaninsu za ta fito.

Tsakar gida

A gidan Bahaushe, tsakar gida ita ce babban ɗaki. A nan ake girki da wanki da shanya, a nan ake kwana da bazara, a nan ake taron suna. Faɗinta ne yake nuna wa mai saye ko zai iya ƙara ɗaki nan gaba, wanda ga mai iyali da ke ƙaruwa ya fi komai muhimmanci. Ita ce kuma ta fi wuyar shiryawa, saboda dukan rayuwar gida a kanta take zube.

A kwance igiyar shanya gaba ɗaya, domin ko babu kaya a kanta tana yanka hoto gida biyu. Turmi da taɓarya, da tukwane, da bokitai, da jarkokin ruwa, da itacen girki, a tattara su wuri ɗaya a bayan mai ɗaukar hoto; idan ya juya, a sake matsar da su. A kwashe tokar murhu. A share turke, a kai takin gona, a fitar da dabbobi. Idan kaka ce kuma an shigo da amfanin gona, dammunan gero da buhunan riɗi suna cinye fili, suna kuma sanar da duk wanda hoton ya faɗa hannunsa abin da ke ajiye a gidan. Bayan shara a yayyafa ruwa kaɗan a jira minti goma: ƙura takan kwanta, rairayi ya yi duhu kaɗan, bango ya fito sosai.

Abin da ba ya motsi kuwa, a bar shi a nuna shi. Rijiya a ɗauke ta da murfinta da bakin da aka ɗaure. Famfo a ɗauke shi yana zuba, kuma idan ruwan na zuwa ne a wasu ranaku kawai, a faɗa a rubutun da ke ƙarƙashin hoton. Rumbu, da tankin ruwa, da mitar wuta, kowanne da hotonsa. Rariyar da ruwa ke bi ya fita daga gida ƙaramar aba ce da ba wanda yake tunanin ɗauka, alhali ita ce amsar tambayar da mai saye ya fi jin tsoro. A yashe ta, a ɗauke ta daga ciki da kuma inda ta ɓulla a waje. Hoton tsakar gida da aka ɗauka da safe bayan ruwan dare, ƙasa ta tsane babu kwanciyar ruwa, ya fi rantsuwar dillali ƙarfi. Gani ya kori ji.

Makewayi da madafi su ne wuraren da masu sayarwa suka fi tsallakewa, masu saye kuma sun san dalili. A wanke, a rufe bakin masai, a cire tsummoki da buta, a ɗauka daga bakin ƙofa. Hoto ɗaya ya isa. Baƙin hayaƙi a bangon madafi ba aibi ba ne a idon kowa.

Ɗakuna da suturar iyali

Ɗakin da babu kowa a ciki ba shi da wahala: a share, a cire yanar gizo, a buɗe taga da ƙofa, a ɗauka daga kusurwa yadda bango biyu da daɓe da wani yanki na rufi za su fito. A ƙara hoto ɗaya na sama. A soro, azara ake son gani, ko ta lanƙwasa, ko gara ta yi mata hanya. A ɗakin kwano, silin ake dubawa, kuma inda babu silin, katakon da ke riƙe da kwanon.

Gidan da ake zaune a ciki shi ne mai buƙatar hankali. Ba a shiga cikin gidan mutane da kyamara sai da izinin mai gida da sanin matan gida, a ranar da aka sanar da su tun da wuri. Mafi sauƙi shi ne wani ɗan gidan ya ɗauki hotunan ciki ya tura wa dillali. Kada mutum ko ɗaya ya fito a hoto, babba ko yaro, kuma a lura da madubi da gilashin kabad, domin sukan kamo wanda ke tsaye a gefe. Hotunan iyali da ke rataye, da takardun makaranta, da kalandar da ke ɗauke da sunan wurin aikin mai gida, a sauke su.

Kayan ɗaki kuma na matar gida ne. Gado da kujeru da jeren kwanuka iyayenta ne suka yi mata, ba sa cikin ciniki, kuma ba daidai ba ne a yaɗa su a wayoyin baƙi ba da yardarta ba. Hoton da ya shiga zauren WhatsApp na dillalai ba ya dawowa. Daga Gumel zai kai Haɗejia da Kano a yini ɗaya. Idan ɗakuna biyu girmansu ɗaya, a ɗauki wanda ya fi sauƙin kwashewa, a rubuta cewa ɗayan irinsa ne. Idan ɗan haya ne a ciki, haƙƙinsa na sirri bai faɗi ba don mai gida yana son sayarwa, kuma dole a faɗa wa mai saye cewa akwai ɗan haya da lokacin da kuɗinsa zai ƙare.

Haske da lokaci

Rana tsaka ita ce mafi munin lokaci. Haske yana faɗowa daga sama, farin bango ya ƙone a hoto, ƙofofi da rumfa su zama baƙaƙen ramuka. Gidan da ke kallon gabas a ɗauke shi da hantsi, wanda ke kallon yamma bayan la'asar, rana tana bayan mai ɗauka.

Na kudu da na arewa sai an duba wata. Gagarawa tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga ƙarshen Satumba zuwa Maris rana tana fitowa ta faɗi a karkace ta kudu. A waɗannan watanni fuskar gidan da ke kallon kudu tana samun haske yini guda, wanda ke kallon arewa kuma yana cikin inuwa daga safe har yamma. Daga Mayu zuwa Yuli lamarin yakan juya, hasken ya koma bangon arewa. Wanda gidansa ke kallon arewa kuma ba zai iya jira ba, ya ɗauka da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, lokacin da bambancin inuwa da haske bai yi yawa ba.

Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana mayar da sama fara fat, ya dusashe launin komai. A irin wannan rana a haƙura da hoton waje, a yi na ɗakuna. Mafi kyawun lokaci a shekara shi ne ƙarshen damina zuwa farkon kaka, wato Satumba da Oktoba: ruwa ya wanke sama da kwano, bishiyoyi suna da ganye, kuma gidan ya fito daga jarrabawar damina, abin da ya lalace ya nuna kansa.

Riƙon waya

Wayar hannu ta yau ta isa. A goge gilashin kyamara da tsumma mai laushi, domin a ƙasar ƙura da gumi wannan kaɗai yana raba hoto mai kyau da mai hazo. A riƙe wayar a kwance, daidai ƙirji, a miƙe ba a ɗaga bakinta sama ba, in ba haka ba bango zai fito kamar zai faɗi. A bar kyamara a kan 1x. Maɓallin 0.5x da ke cikin wayoyi da yawa yana buɗe ɗaki ya mayar da ƙafa 10 kamar ƙafa 16, kuma wanda ya taso daga Kano saboda wannan faɗin zai koma da fushi. Haka manhajojin da ke goge wayar lantarki daga sama ko su shafe tabo daga bango: hukuncinsu ɗaya da tabarmar da aka jingina a kan tsaga.

Hoto 12 zuwa 15 sun wadatar, a jere su yadda baƙo yake shiga: hanya, ƙofar gida, zaure, tsakar gida daga kusurwa biyu, ɗakuna, madafi, makewayi, ruwa, sannan katanga ta kowane ɓangare. A haɗa da bidiyo na minti ɗaya da aka ɗauka ana tafiya a hankali daga bakin hanya zuwa ƙuryar gida ba tare da yankewa ba, domin shi ne yake nuna yadda sassan suke haɗe. Hoto ba ya faɗin awo, don haka a auna da tef a rubuta. Fulotin da aka saba kira cikakke ƙafa 50 ne da 100, kimanin murabba'in mita 465, amma tsofaffin gidajen cikin gari ba safai suke bin wannan awo ba, kuma kalmar “fuloti ɗaya” ba tare da lamba ba ta sha haddasa rigima.

WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Tun 2023 akwai zaɓin HD wajen turawa, kuma shi ya fi dacewa. Tura hoto a matsayin fayil yana riƙe kyansa duka, sai dai yana iya tafiya da bayanin ainihin wurin da aka ɗauke shi idan wayar tana adana wannan.

Takardu da gidan gado

Ba a ɗora hoton takardar gida a intanet. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da dagaci, ko takardar mallaka ta gwamnati, idan suka fita da sunaye da lambobi da hatimi, sun zama kayan aikin 'yan damfara, waɗanda kan haɗa su da hotunan gidan su karɓi kafin alƙalami daga mutanen da ba su taɓa taka garin ba. Ya isa a rubuta irin takardar da gidan yake da ita, a nuna ta ido da ido. Rubuta lambar wayar dillali a tsakiyar kowane hoto, ba a gefen da za a iya yankewa ba, yana rage satar hotuna.

Irin takardar yana da muhimmanci saboda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. A ƙarƙashinta, wanda ke riƙe da takardar mallaka ta gwamna ba ya mayar da haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna, haƙƙin gargajiya na karkara kuma yana buƙatar amincewar ƙaramar hukuma. Ma'aikacin da ke son kai takardar gida banki wata rana zai tambayi wannan tun kafin ya tambayi kuɗi.

Gidajen da ake sayarwa a garuruwa irin Gagarawa Tasha da yawansu na gado ne, kuma a nan shiri yana farawa kafin a ɗauki tsintsiya. Sau tari wani magaji da ke zaune a birni yakan fara jin labarin sayar da gidan mahaifinsa ne ta hanyar ganin hotonsa a wayar wani. Idan ba a raba gado ba, kowane magaji yana da haƙƙi a kowane taku na gidan, kuma a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya yana da shuf'a, wato damar karɓar rabon da ɗan'uwansa ya sayar wa bare a kan kuɗin da aka sayar. Saboda haka sai magada duka, maza da mata, sun amince, an kuma wakilta mutum ɗaya a rubuce, kafin hoto ya fita. Idan an riga an raba kuma sashe ɗaya ake sayarwa, a kafa alama a kan iyakar, a ɗauke ta a hoto, a kuma nuna ta inda mai sashen zai riƙa shiga da fita, da inda ruwan sashensa zai bi.